Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Ɗana na fari ya kai shekara shida bakinsa bai buɗe ba. Kalmominsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su ma kamar da tuwo a baki yake faɗarsu. Muna zaune Matankari, gida ɗaya da uwar mijina, kuma tun yaye a ɗakinta yake. Ita ta ce nauyin baki ne, ubansa ma ya makara. Maƙwabta suka ce iska ce ta shafe shi, aka yi hayaƙi, aka ba shi rubutu ya sha. In an kira shi bai waiga ba, sai a yi dariya a ce miskili ne.

Ni ban sa baki ba. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta janyo shi jiki gaban mutane. In zan aike shi sai in taɓa kafaɗarsa in nuna da hannu, ya ruga ya ɗauko. Ana yabona da kunya, ni kuwa har daɗi nake ji.

Da aka buɗe lakwal, wato makarantar boko, ubansa direba yana hanya, kakarsa ƙafa ta matsa mata, dole ni na kai shi. Mushe, malamin da ke rubuta sababbin yara, ya tambaye shi sunansa, ya nanata, yaron na kallon bakinsa kawai. Mushe ya ce ba zai rubuta shi ba sai wata madam a Dogon Dutsi, mai duba irin waɗannan yara, ta gan shi. Ni dama zuciyata a kusa take. Na ce yaron da ke gane awakinmu cikin garken gari duka, shi za a kai a duba wa kai? Mushe ya bar ni na gama faɗana, ya miƙo mini takarda. Sa'o'in ɗana suka shiga aji, ni na ja hannunsa muka fito.

Ranar da muka je Dutsi da shirin rigima na tafi. Madam ɗin babbar mace ce, ba ta da hayaniya. Ta zuba wa yaron wasu ƙananan katakai a tabarma, ta jera nata, ya jera nasa daidai, har ya gyara mata wanda ta karkace da gangan. Na ce a raina, to, a je a gaya wa mushe.

Sai ta juya shi ya fuskanci taga, ta ce in koma bayansa, bakin ƙofa, in kira shi. Na ce, kai. Ta ce a'a, da sunansa. Na ja gyale na rufe baki, na gaya mata ɗan fari ne. Ta ce ita ma 'yar Arewa ce, ta san al'ada, amma babu muryar da yaro ya sani kamar ta uwarsa. Sannan ta dube ni.

“In kin kira shi gida, yana amsawa?”

Na buɗe baki in ce i, sai na rasa ranar da zan kafa hujja da ita. Shekara shida, ko ɗaya babu.

Na kira shi. Sunan ya fito mini baƙo a baki, can ƙasa-ƙasa. Madam ta ce in ƙara. Na ƙara. Na uku da ƙarfina duka na yi, har matan da ke jira a waje suka leƙo. Yaron na nan zaune, ƙeyarsa na kallona, yana juya katako a hannu. Na zauna ƙasa inda nake tsaye.

“Kan yaron ga lafiya lau,” in ji madam. “Kunnenai za a duba.”

Ta tambaye ni ko kunnensa ya taɓa zubar da ruwa, ko ya yi zazzaɓi mai tsanani yana ƙarami. Na ce sai dai a tambayi kakarsa. Da na ji abin da ya fito bakina, na tsorata da kaina. Ta rubuta mana takardar likita, ta ce lakwal ba ta wuce shi ba, amma bana kam sai an san abin da yake ji tukuna.

A motar komawa na ɗora shi kan cinyata, abin da ban yi ba tun yaye. Wata 'yar unguwarmu na gefena, ta zuba mini ido, ban kula ta ba. Na kafa bakina a kunnensa na dama na faɗi sunan, shiru. Na koma na hagu na faɗa da ƙarfi. Ya zabura, ya juyo. Ya dubi bakina, ya dubi hannuna, sannan ya shiga dube-dube cikin motar, yana neman abin da nake so ya ɗauko mini.