Hauren Giwa a Teburin Tsoho

Ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga ajin boko ba. Aikin ƙarfi na sani, shi ya raba ni da ƙasar Maraɗi ya kawo ni birnin Greensboro, can ƙasar Turawa. A shekarun farko jinyar wani tsohon Bature nake yi a unguwar Sedgefield. In yi masa wanka, in ba shi abinci, in share ɗakin karatunsa.

A teburinsa akwai tsofaffin kayan hauren giwa, sassaƙar mutanen Sin. Ɗaya doguwa ce kamar ɓarin gora, wai malamansu na dā a kanta suke ɗora hannu in suna rubutu. An sassaƙa mutum a jikinta, zaune a kan fure, ya naɗe ƙafafu, ido a lumshe. Tsohon ya ce Buddha ne, wanda ake bauta wa a can ƙasarsu.

Ni ba mutumin nake kallo ba. Sanyin hauren nake ji a tafin hannuna. Inna tana da awarwaro irinsa, ya yi jaja-jaja don tsufa. In zazzaɓi ya kama ni, shi take manna mini a goshi. Shekarar fari aka ba da shi a bakin hatsi. Ban sake taɓa haure ba sai a gidan nan.

Tsohon ya lura kullum nakan daɗe wajen goge wannan.

"Za ki cinye ta da tsumma," in ji shi. "Ko aurenta za ki yi?"

Da ya rasu, 'yarsa ta kawo mini ita har unguwarmu Glenwood, a naɗe cikin tawul. Ta ce wasiyyarsa ce.

Na so ta ƙwarai. Amma ɗaki ɗaya gare ni, a ciki nake salla. Na tambayi malamin masallacinmu.

"Hajiya, gunki ne," ya ce. "In dole sai kin ajiye, ki kankare fuskar."

Na dawo na ɗauko wuƙa, na zauna da ita a cinya. Fuskar ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, amma wanda ya yi ta har gira ya sa mata. Na yanka abubuwa da yawa a rayuwa ban ji komai ba. Wannan hannuna ya ƙi.

Na manna ta a goshi, na bar ta har ta ɗauki ɗumin jikina. Sannan na naɗe ta, na kira 'yar tsohon na ce ta zo ta karɓi kayan ubanta.