Dugadugan Irmiya

Shekara goma sha tara maƙwabciyata Hannatu tana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Duk Disamba ita da mijinta Irmiya sukan tafi Filato, su yi kwana biyu suna taka duwatsu zuwa ƙauyen iyayensa, sanyi na tsattsaga musu leɓe. Kullum shi ne a gaba.

Bara ya rasu. Muka ce ta haƙura da tafiyar, ta ƙi. Ta naɗe rigar sanyinsa za ta kai wa mahaifiyarsa.

Da ta isa inda hanya ta rabu biyu, sai ta tsaya cak. Ba ta san wacce za ta bi ba. Ashe duk shekarun nan dugadugansa kawai take kallo.