Abin da Ɓarayi Suka Ajiye

A asibitin kowa Mai Makulli yake ce masa, alhali na babur ɗinsa ma kullum cikin nema yake. Aikinsa kulle bayanan marasa lafiya a kwamfuta, ya cuɗa su yadda ko an sace ba za su karantu ba. Ofishinsa ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin bene, daga shi sai na'urori da kujera mai karyayyen hannu. Yana ji da aikin nan, kai, har abin ya yi yawa.

Shi ya lallaɓa ƙanwarsa ta riƙa karɓar magani a nan, bayan gwaji ya nuna tana ɗauke da cutar da ta ɓoye wa kowa, har 'ya'yanta. Ya bugi ƙirji ya ce, "Ni nake kulle sunayen, kwantar da hankalinki." Da ɓarayin intanet suka kwafe bayanan daga baya, dariya ma ya yi, wai sun saci abin da ba zai buɗu ba.

Kwatsam aka tura shi taron horaswa. Wata ƙwararriya ta yi musu bayanin kwamfutar kwantum da ake ƙoƙarin ƙerawa, wadda in ta kammalu za ta ɓalle irin kullensu, don haka dole a koma sabon salo tun yanzu. Ta ƙara da cewa ɓarayi ba sa zubar da abin da suka sata, ajiyewa suke su jira. Wallahi nan take ya tuna sunan ƙanwarsa na cikin abin da aka kwafe.

Ya dawo ya duƙufa, ya sauya komai, shugaban asibiti har da jinjina. To amma kwafin da ke hannun ɓarayi fa? Wannan yana nan da tsohon kulle, hannunsa ba zai taɓa kai wa gare shi ba.

Ya je ya sami ƙanwarsa tana shanya kayan makarantar yara, ya faɗa mata yana kallon ƙasa.

"Yaushe za su buɗe, Yaya?"

"Ba wanda ya sani. Wata ƙila da sauran shekaru."

Ta matse rigar da ke hannunta, ta shanya ta a igiya. Da zagi ta yi masa, da ya fi jin sauƙi.

"To, gara yarana su ji daga bakina," ta ce. "Yau zan faɗa musu. Amma kai ka tafi, ba na son ka ga fuskokinsu."