Guntun Fiffiken Kawu

A farkon shekarun saba'in ina aiki a wani shagon gwanjon kayan soja a Canal Street. Ni da makaranta mun rabu lafiya, kowa ya gane ɗan'uwansa ba zai amfane shi ba. Aikina ɗaga kwali, shara, da tsokanar duk wanda ya shigo. Mai shagon wani Bature ne mai tumbi, ciwonsa ɗaya: tarkacen jiragen Jamus da aka harbo a yaƙin duniya. Bango guda ya cika da su, guntun farfela, ƙusoshi, agogon da ya mutu tun ba a haife ni ba. Ba na sayarwa ba ne. Ran Asabar abokansa su taru suna shafa bola kamar an yi musu haihuwa.

Wata Asabar ina shara na ce musu kawuna ma ya yi yaƙin nan, a hamadar Masar, kuma aikinsu ke nan, sassare irin waɗannan jiragen a loda a mota. Suka bushe da dariya. Mai shagon ya ce duk littattafan da ya karanta bai ga baƙin mutum daga Afirka a ciki ba. Shi da ko Masar ɗin a taswira ya san ta.

Kawu ne ya kawo ni New York. Kuku ne a gidan wani ma'aikacin jakadanci, muna zaune a Bronx da shi da matarsa, Inna. Takardar sallamarsa daga soja gara ta cinye tun a Kano. Shaidar da ta rage masa guntun fiffiken jirgi ne kamar faifai, fentinsa ruwan ƙasa duk ya babbake, da kusurwar baƙin gicciye da rubutun Jamusanci layi biyu. A ƙasan akwati yake, cikin tsohon rawani, ko taɓawa ba a yi.

Ban tambaye shi ba. Inna na lallaɓa ranar da ya kwana a gidan aiki, na ce Turawa zan nuna wa da safe in dawo da shi. Ta ciro, ta jujjuya, ta ce in bar mata a kicin.

Da safe na tarar da shi yana walƙiya, har haƙorana na gani a ciki. Soson ƙarfe ta sa da garin wanke tukunya ta dirje shi tas. Ba fenti, ba gicciye, ba rubutu.

"Inna, me kika yi?"

"Da wannan dattin za ka kai wa mutane? A ce matar gidan ba ta da hannu?"

Tana tsaye tana jiran godiya, yatsunta duk sun yi ja. 

Haka na kai shi. Mai shagon ya ƙwanƙwasa, ya ce murfin tukunya ne mai kyau. Wani abokinsa ya kakkaɓe tokar sigarinsa a kai. Na ɗauke ƙarfen daga gabansu. Na goge da rigata na fice.

Na faɗa wa Kawu komai. Na so ya mare ni, ya ƙi. Ya daɗe yana shafa inda rubutun yake a da. Asabar ta zagayo ya sa babbar riga, ya ɗauki ƙarfen a rawaninsa, ya ce mu je shagon.

Ya tsaya gaban bangon nan da Turancinsa na bariki, yana nuna musu ɗaya bayan ɗaya: wannan daga wutsiya yake, wannan kusa da tankin mai, wannan kun rataye shi kai ƙasa. Ya faɗi yadda ƙarfen yake ƙona hannu da rana tsaka, da abin da suke tararwa a kujerar direba wani lokacin. Suka matso suna bin yatsansa da kallo. Na fara gyara tsayuwa, na ce yau na rama.

Sai mai shagon ya yi murmushi, ya dafa kafaɗar Kawu, ya tambaye shi wane hafsa yake dafa wa abinci a can, da ya ji duk wannan.

Na ɗauki tsintsiya zan jefa, Kawu ya riƙe min hannu, riƙon da ya kwana uku yana min ciwo. Ya naɗe ƙarfensa a rawani, ya yi musu sallama. Har da sallama, ka ji!

A jirgin ƙasa ina ta zage-zage, na zagi mai shagon, na zagi tumbinsa, na zagi littattafansa. Sai da muka kusa sauka Kawu ya yi magana.

"Ɗana, Innarka ba za ta ji wannan ba. Ka ce mata sun yaba."

"Kawu, shaidarka fa ta tafi."

"Kai ka kai ta inda ba a tambaye ka ba."

Muka shiga gida, Inna ta tare mu a bakin ƙofa tana tambaya. Na buɗe bakin nan nawa na ce sun yaba, sun ce ba su taɓa ganin mai tsabta irinsa ba. Ta ƙara min nama a miya. Na cinye. Ran Litinin ban koma shagon ba.