Ƙofar da Ba Ta Shiga Kowane Gida

Jiya mai gidan haya ya ce in mayar da bangon tsakar gida fari kafin mu tashi daga unguwar Sa'alaba. Ina buɗe gwangwanin fenti warin ya bugi hancina, sai ga Kawu a idona, kamar ba bara muka binne shi ba.

Fentin gidaje yake yi a unguwar Abhur. Wani ɗan Rasha da ya yi wa aiki ya ba shi littafin zane-zanen da ake kafawa a bayan mawaƙan opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, a ƙasarsu. Kawu bai san ko harafi ɗaya na rubutunsu ba, amma wani shafi ya kama shi: birni mai ƙubbobin coci a bakin tafki, sama ja kamar garwashi, da wata 'yar ƙofa mai ruwan zinariya tsaye ita kaɗai, ba ta shiga kowane gida.

Shi ya kwafa a bangonmu, yana kurɓar shayin na'ana'a, gemunsa duk ɗigon shuɗi. Na ce, "Kawu, wannan fa zanen mutanen coci ne."

Ya ce, "Halas, shi ke nan, na bar musu ƙubbobinsu. Amma dubi ƙofar nan, 'yata. Babu rana, babu fitila, ita ke haska garin. Wanda ya zana ta ya san ba a nan za mu tabbata ba."

Na shafe tafkin, na shafe birnin. Da na iso ƙofar, hannuna ya ƙi. Na bar ta, mai gida ya zo ya yi faɗansa.

Kawu, Allah Ya sa wadda aka buɗe maka ta fi wannan haske.