Mai Riƙon Igiya

Garinmu ƙarami ne, yana yamma da Gidan Rumji, kuma in ka cire rijiya babu sauran tarihin da za a ba ka. Kakan babana ne ya gina ta da ya taso daga wajen Katsina, tun kafin a kafa ko bukka. Lakol, wato makarantar boko, daga baya ta zo, aji guda na zana. Malamin asibiti kuwa sai ranar kasuwa muke ganinsa da akwatinsa a bayan keke, shi ma in ya ga dama. Rijiya ce kaɗai ba ta taɓa yi mana fashi ba.

Kowane rani ana yashe ta, a kwashe lakar da ta taru a ƙasa. Aikin yana da tsarinsa tun na kakanni: gidanmu ke shiga, gidan Bugaje ke riƙe igiya. Kakanninsu daga arewa suka gangaro da dabbobi, aka ba su ruwa, suka zauna suka kama noma. Kowa na iya jan gugar laka, amma igiyar da ke ɗaure a ƙugun mutum, mutum ɗaya ke riƙe ta. A zamaninmu wani dogon tsoho ne, abokin Baba, muna ce masa Kawu. Ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Bahaushe, ka rage tuwo, hannuna ya gaji da kai," in ji Kawu.

"Kai dai riƙe, sarkin shan nono," in ji Baba, yana zura ƙafa a rijiya.

Sai shekarun fari suka zo. Hatsi ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, shanu suka dinga faɗuwa a bakin hanya. Mata su zura guga su jawo taɓo. Maigari ya faɗa a fili cewa in rijiyar nan ta mutu, kowa sai ya kama gabansa. Ga Baba gwiwoyinsa sun kumbura, ko sallah a zaune yake yi. Ni ne babban ɗansa, ban daɗe da aure ba, kuma ban taɓa shiga ba. Kawu kuma dabbobinsa sun ƙare tas, 'ya'yansa sun tsallaka Najeriya sun aiko ya biyo su, har an ɗaure kaya a amalanken haya.

Wani ya ce ai samari majiya ƙarfi sun cika gari, ko wane ne ya riƙe. Kai, ranar na ga fushin Baba! Ya ce ba zai zura ɗansa rami a hannun da bai sani ba, ko gari zai tashi. Ya dogara sanda ya tafi gidan Kawu, ina biye da shi. Bai roƙe shi ba. Cewa kawai ya yi, "Yaron nan zai shiga gobe."

Kawu ya dube ni sama da ƙasa. "Wannan ai ba nauyi gare shi ba," ya ce. Ya kwance kayan ya zaro igiyar, ya ce wa matarsa ta yi gaba da amalanken, zai biyo ta a ƙasa.

Wallahi na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ina sauka sama tana ƙanƙancewa har ta koma kamar faifai. Na yi kwanaki ina haƙa, ina cika guga, ana ja. Wata rana kaina ya yi nauyi saboda rashin iska, ban ma samu na girgiza igiya ba, sai na ji ana sama da ni. Da na farfaɗo na tambayi Kawu yadda aka yi ya sani. Ya ce, "Igiyar ce ta yi shiru. Sha iska ka koma, raggo."

Ranar da sanyi ya fara ratsa yatsun ƙafata, na ƙwala ihu, mata suka ɗauki guɗa a sama. Ruwan ba yawa, sai an jira ya taru, amma ya isa ya hana gari watsewa.

Ni na ɗauka Kawu zai fasa tafiya. Ina! Ruwa ya samu, amma babu hatsi a rumbunsa. Ya naɗe igiyar ya miƙa wa Baba ya ce, "Ajiya ce, Bahaushe, kada ka ɗaure akuya da ita." Ya saɓa sandarsa ya nufi kudu.

Baba ya rataye ta a zaure. Damina ta dawo, shekaru suka wuce, amma ya hana ni shiga rijiya. Gari ya koma ɗauko masu yasa daga Gidan Rumji, ana ta yi da mu a bakin kasuwa. Abin ya dinga ƙona mini rai, har na taɓa ɗaga masa murya. Amsarsa ɗaya ce kullum: mai igiya bai dawo ba.

Wani rani, idon Baba ya riga ya yi rauni, wani dogon mutum ya yi sallama a zaure. Autan Kawu ne. Ya ce tsohon ya isa wurinsu da ƙyar, ƙafafu a kumbure, kuma bai ga daminar da ta biyo ba. Baba ya yi wa marigayin addu'a, sannan ya ce in sauko da igiyar. Ta riga ta ruɓe, ina taɓa ta tana zuba. A haka ya laluba ya ɗora ta a hannun baƙon.

"Ga ajiyar ubanka, ɗana. Ku murza sabuwa kai da yaron nan, rijiya ta cika da laka."

Ya juya fuskarsa bango. Tun da nake ban taɓa jin kukan Baba ba sai ranar.