Sunan da Zeinabou Ba Ta Faɗa

Yayata Zeinabou matsoraciya ce, kuma ba ta ɓoyewa. Tun muna Damagaram haka take. Da mijinta Souley, mai sayar da jakunkuna a Canal Street, ya kawo ta New York, sai tsoron ya sami wurin miƙe ƙafa. Tana tsoron jirgin ƙasa, tana tsoron lifta, amma babu abin da take tsoro kamar bakin mutane. Wanmu Tamimu shi ne yaron da duk unguwa ke yabon ƙwaƙwalwarsa, sai ciwo ya kwantar da shi gab da jarrabawa, bai tashi ba. Tun daga nan Zeinabou ta yanke cewa yabo ne ya cinye shi, kuma babu mai cire mata wannan daga kai.

Ranar da 'yarta ta fari, Rahma, ta dawo daga makaranta da hijabi a yage, Zeinabou ta cire ta. Dama can gida Damagaram malama ce, sai ta mai da teburin cin abincinsu na Parkchester aji. Lissafi da Faransanci ita ke koyarwa, sauran ta intanet. Shekaru suka tafi a haka, ban taɓa jin ta ce wa yarinyar ta yi ƙoƙari ba. Ko sunanta ba ta kamawa, saboda kunyar 'yar fari. "Ke!" take ce mata, ko "waccan".

A 2016 Rahma ta ce karatun injiniya take so. Na kai su wurin Anti Yaa, wata 'yar Kumasi da ke shirya wa yara neman shiga jami'a. Ta duba sakamakon jarrabawar Rahma ta jinjina kai, sannan ta ce saura abu ɗaya. Jami'a tana son shaida daga makarantar ɗalibi, wanda ya san shi ya faɗi halinsa da ƙwazonsa.

"To, ai ba ta da lakwal," in ji Zeinabou, tana nufin makaranta.

"Ke ne school ɗin, Maa," in ji Anti Yaa. "Ki yi magana, ni zan rubuta da Turanci, ki sa hannu. In babu wannan, application ɗin ba ya zuwa ko'ina."

Zeinabou ta gyara zama.

"Yarinyar ba laifi," ta ce.

"Sai me?"

"Tana cin abinci. Tana salla."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Yaya, jami'a za ta, ba asibiti ba!"

Ta juyo kaina, idonta cike da ƙwalla. "Ke ba ki ga Tamimu kwance a tabarma ba, lokacin kina goye. Ni na gani. Yanzu in buɗe bakina in yabe ta, a aika wa mutanen da ban san irin idonsu ba?"

Wallahi ni ma sai da gabana ya faɗi.

Rahma ta tattara takardunta, ta ce da Turanci a bar shi, ba komai. Ta fita ta ja ƙofa. Da ma kuka ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Zeinabou ta daɗe tana kallon ƙofar. Ta karanta Falaƙi da Nasi ta tofa dama da hagu, sannan ta matsa kusa da Anti Yaa, murya ƙasa-ƙasa kamar mai gulma. Ta faɗi yadda yarinyar ta kwance tsohon keken ɗinkinta ta gyara shi tsaf. Ta faɗi yadda ta wuce ta a lissafi tuntuni, har ita uwar ta koma bitar darasi a ɓoye don kada a gane. Duk jimlar da ta faɗa sai ta bi ta da tubarkalla, gumi na tsatstsafo mata a goshi.

Anti Yaa ta ɗago kai. "Ki fara da sunanta, Maa. Shaidarki ne, ba zan rubuta 'waccan' ba."

Zeinabou ta dube ni, idonta na roƙon in cece ta. Na kau da kai.

"Rahma," ta ce. "'Yata Rahma."

Bangon ofishin ɗan siririn katako ne. Daga bayansa muka ji muryar nan da kullum da Turanci take amsa mana, tana rawa.

"Na'am, Inna."